Na'urar da ke hana mai waina bashi ita ma mai haɗari ce

Tun da Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawara a watan Nuwamban 2025 cewa a jinkirta aiwatar da sashen dokarta na ƙirƙirarriyar basira mai babban haɗari, wasu masu harkar fasaha a nan Accra suka samu abin faɗa. Wai tunda Turawa ma sun ja da baya, Ghana ta dakata da yin irin wannan doka kada ta kori masu zuba jari. Wannan magana ta ɓata mini rai, domin masu yin ta ba su taɓa zama a Nima ko Mamobi sun ga yadda waya ke yanke wa mutum hukunci ba.

Dokar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta kasa na'urorin ƙirƙirarriyar basira gida huɗu: haramtattu, masu babban haɗari, waɗanda dole a sanar da mutum cewa da na'ura yake magana, sai marasa illa. Cikin masu babban haɗari akwai wadda ke auna cancantar mutum ya ci bashi. To ai wannan ita ce ke cikin aljihunmu yau! Hajiya mai waina a Sabon Zango ta nemi rancen MoMo, wato asusun kuɗi na waya, don ta sayi shinkafa da mai, na'ura ta duba shige da ficen kuɗinta ta ce a'a. Ba dalili, ba ofishin da za ta je, ba ɗan Adam ɗin da zai saurare ta. Wata kuma an ba ta, kwanan biya ya wuce da kwana biyu, manhajar bashi ta kwashe lambobin wayarta tana tura wa surukanta saƙon cin mutunci. Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi kan irin waɗannan manhajoji marasa lasisi, amma gargaɗi ba ya dawo da mutuncin da ya zube a unguwa.

Sai maganar fuska. Binciken da Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, ta fitar a 2018 ya nuna wasu na'urorin tantance fuska na kuskure a kan mata baƙaƙe har kashi 34.7 cikin ɗari, a kan farare maza kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Mu kuma mun ɗaure layin waya da asusun banki duk a jikin Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Mutumin Zango, wanda dama sunansa kawai kan sa a tambaye shi daga ina kakansa ya zo, shi za a ce ya jira?

Masu cewa kasuwa za ta gyara kanta, su faɗa mana wace kasuwa ce ta taɓa biyan Hajiya diyya.

Abin takaicin, a garin nan Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta na ƙirƙirarriyar basira a watan Yulin 2024, kuma muna da dokar kare bayanan sirri tun 2012. Ba daga tushe za a fara ba. Majalisa ta ware bashi, ɗaukar aiki, tantance fuska da aikin 'yan sanda a matsayin masu babban haɗari, ta wajabta cewa duk wanda na'ura ta ƙi, a gaya masa dalili da harshen da yake ji, kuma mutum mai rai ya sake duba lamarinsa. 'Yan majalisarmu na Ayawaso, yankin da Nima da Mamobi suke, su fara kai maganar zaure.