Wayarka ta fi sauri, Yallabai, to sai me?

Na yi niyyar in yi shiru, wallahi na yi niyya. Kwana uku ke nan bidiyon nan yana yawo ina wuce shi, na taron da wani yaro ɗan Katsina ya nuna kwamfutar da ya tsara da kansa, wani Yallabai ya yi masa ba'a wai wayarsa ta fi ta sauri. Amma jiya da daddare wajen mai shayinmu na Ƙofar Ƙaura na ji wani yana maimaita maganar yana ƙyaƙyata dariya kamar shi ya fara faɗinta, sai na ga shirun ya isa haka.

Kun dai gani da idonku. Yaro ya jona monita da kibod a jikin wani ɗan allon lantarki, ya kunna, rubutu ya fito, ya buga lissafi ta ba shi amsa. Sai Yallabai ya gyara babbar riga, ya zaro waya daga aljihu, ya ɗaga ta sama, wai wannan ta fi abin nan sauri nesa ba kusa ba. Zaure ya kwashe da dariya. Har da tafi. Tafi fa, jama'a!

To Yallabai, ranka ya daɗe, mun gode da wannan gagarumin bincike. Da ba ka faɗa ba, da har yau muna cikin duhu. Wayarka ta fi sauri. Motarka ma ta fi keken da yaron ya hau ya zo wurin sauri. Tambayata guda ce: a cikin wayar nan taka, akwai waya ko ƙwaya ɗaya da ka jona da hannunka? Kai saye ka yi. Shi ginawa ya yi. Wanda ya sayi gida a GRA ba ya tsayawa ya yi wa magini dariya don ya gan shi da laka a ƙafa.

Abin da masu tafin ba su gane ba shi ne, allon nan, Nexys A7, babu furosesar da za ta gudanar maka da manhaja, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a cikinsa. Babu. Ka saye shi ka jona masa monita, in ka goge ɗan gwajin da kamfani ya sa masa, ba zai ce maka uffan ba. Aisin da ke tsakiyarsa, wato babbar ƙwayar lantarkin da ke kansa, Artix-7, irin wanda ake kira FPGA ne. Aisin wayarka kamar littafi ne da aka buga a maɗaba'a, abin da aka buga shi ke nan har ya yage. Shi kuwa wannan allo ne irin na makarantar allo: ka rubuta, ka biya, ka wanke, ka sake rubuta wani. Sai dai abin da ake rubutawa a kansa ba karatu ba ne, ita kanta ƙwaƙwalwar da za ta yi karatun ce. A cikinsa akwai ƙananan ɗakunan lissafi sama da 100,000, da hanyoyin da ke tsakaninsu, duk a buɗe, kai ne za ka ce wannan ya haɗu da wancan. Masana suna kiran tushen abin ƙofofi: wata ba ta buɗewa sai an ƙwanƙwasa ta ta gefe biyu, wata ko ta gefe ɗaya ya isa, wata kuma duk abin da ka ce mata sai ta juya shi. Mu da aka haifa a garin ƙofofi, ai bai kamata a ce mu ne ke dariyar wanda ya zauna ya tsara birni guda da su ba. Mai neman sauri kuwa, ga Ƙofar Sauri can, ba a rufe ta ba.

Na je na same shi bayan taron, don ban yarda da jita-jita ba. Ya buɗe mini abin da ya rubuta da Verilog, harshen da ake rubuta tsarin aisi da shi. Furosesar tasa tana bin tsarin RISC-V, wanda aka faro a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, aka bar shi a buɗe kowa ya gina ba tare da biyan lasisi ba. Rajista 32, wato ƙananan ma'ajiyoyin lamba na cikin furosesa, kowace mai bit 32, umarnin asali ba su kai 50 ba. A baki kamar wasa. Je ka sa kowane umarni ya ɗauko abin da ya kamata, ya lissafa, ya ajiye a inda ya dace, duk cikin bugun agogo, ba tare da wani ya riga wani ba, sannan ka dawo mu yi magana. Hoton da kuka gani a monita ma ba daga sama ya faɗo ba. Ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, sau 60 a daƙiƙa guda, kuma dole a riƙa tura ɗigon da gudun kusan megahaz 25. Ka kuskure lissafin layi kaɗan, monita ta yi baƙi ƙirin ta ƙyale ka, ba za ta gaya maka inda ka ɓata ba. Ya ce mako biyu ya yi yana kallon baƙin gilashi kafin ya ga layin farko.

Sannan abin da ya fi burge ni, wanda ko mutum ɗaya bai tambaya ba a zauren: ina laftof ɗin? Babu ita a teburin. Irin wannan aisin da an ɗauke wuta yake mance komai, allo ya wanku tas. Yawancin ɗalibai shi ya sa za ka gan su da laftof a gefe, da kebul, suna ɗura masa tsari duk lokacin da za su nuna aiki. Shi ya zuba nasa a ma'ajiyar fulash da ke kan allon, yadda da wuta ta shigo aisin zai ɗauko ya sake zama kwamfuta da kansa, ya karɓi kibod, ya yi magana da monita. Tsaye take da ƙafarta. Wannan shi ne aikin. Shi aka zo nunawa, aka tsaya gwada tsere.

Na san me za ku rubuto a ƙasa, na riga na karanta irinsa a shafuka uku. Wai da Raspberry Pi ya saya, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ake sayarwa a haɗe, ya fi araha ya fi ƙarfi. Ƙwarai kuwa. Pi 4 da ya fito a 2019 ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, kowace tana gudun gigahaz 1.5, na yaron nan kuma megahaz 50 yake lallaɓawa. In YouTube kake son kallo, maza je ka sayi Pi, Allah ya sanya alheri. Amma furosesar da ke cikin Pi ta kamfanin Broadcom ce, a rufe take ruf, ba za ka ƙara mata umarni ko guda ba har ka tsufa. Shi kuwa gobe in ya ga dama zai ƙara wa tasa umarnin da babu shi a ko'ina a duniya. Ba gudu aka zo yi ba.

Wani kuma, da alamar ya ɗan leƙa Google, wai ai allunan nan suna zuwa da furosesar ARM a ciki, yaron yaudara ya yi. Malam, ka leƙa amma ba ka shiga ba. Akwai masu zuwa da ita, gaskiya ne: dangin Zynq, da DE10-Nano mai Cyclone V, suna da ARM a ƙere a cikin aisin, ka sa katin memori Linux ta tashi. Artix-7 ba ya cikinsu. Rabin sani ya fi rashin sani wahalar magani.

Sai masu cewa daga intanet ya sauke. To ko da ya sauke fa? Akwai PicoRV32, akwai VexRiscv, furosesoshin RISC-V da wasu suka rubuta, a buɗe suke, kuma ya gaya mini da bakinsa ya karanta su kafin ya rubuta nasa. Wane almajiri ne ya fara da ƙirƙiro baƙi? Kwafa ake yi a allo har hannu ya faɗa. Ku da kuke wannan maganar, ga su can, ku sauke mu gani ko monita za ta haska.

Yanzu bari in ajiye zolaya, don abin yana ci mini rai da gaske. Ba mu da masana'antar ƙera aisi a ƙasar nan, kuma ban hango ta nan kusa ba. Wuri guda da yaro ɗan Katsina zai iya tsara furosesa ya ga ta yi numfashi a gabansa shi ne irin wannan allon. Kuma ba wasan yara ba ne kamar yadda aka ɗauka. Manyan kamfanoni a kan FPGA suke gwada tsarinsu kafin su kai shi masana'anta, don kuskure a can asarar miliyoyi ce. Kamfanin Xilinx ya fitar da FPGA na farko a 1985, ɗakuna 64 kacal gare shi, da Yallabai yana wurin da ya yi dariya har ya faɗi. A 2015 Intel ta sayi Altera, wani kamfanin FPGA, a kan dala biliyan 16 da ɗoriya, a 2022 AMD ta haɗiye Xilinx ɗin kanta. Niklaus Wirth, farfesan Zurik da ya ƙirƙiro harshen Pascal, wanda ya ci kyautar Turing a 1984, da tsufansa a 2013 ya zauna ya tsara tasa furosesar a kan ƙaramin allon Spartan-3, gudun megahaz 25, memori megabait 1, ya ɗora mata cikakkiyar manhajar Oberon da linzami da kibod da komai. Rabin gudun na yaronmu ke nan. Ban ji an ce wani ya ɗaga masa waya ba.

Kuma kada ku ce ina kambama shi. Aikin yana da giɓi, shi ma ya sani. Memorin DDR mai megabait 128 da ke kan allon bai iya sarrafa ta ba tukuna, da 'yar ta cikin aisin yake aiki, wadda ba ta kai megabait ɗaya ba. Linux ta yau da kullum ba za ta hau ba sai ya gina sashen da ke raba wa manhajoji memori. Da a ce wani a zauren ya tambaye shi wannan, da na miƙe na sara masa, don tambaya ce ta wanda ya san abin. Masu rubuta cewa ɗan Katsina ya ƙera kwamfuta ta farko a Afirka kuwa, ku ma ku zauna don Allah, ku da Yallabai duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, babu wanda ya tsaya ya duba me ke kan teburin. Shi dai yaron, manhajar Vivado da ake haɗa tsarin da ita gigabait gommai ce, da datar dare ya sauke ta cikin kwanaki. Kowane gyara sai ya jira mintoci kafin ta gama haɗawa, a tsakiya a ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ya daɗe da mutuwa, a koma farko. A haka ya kai inda ya kai. Da na tambaye shi ko dariyar ta dame shi, cewa ya yi a'a Yaya, abin da ya dame shi ba a bar shi ya nuna yadda take tashi ita kaɗai ba. Nan ne na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi.

Ba gudu aka zo yi ba, Yallabai. Na faɗa sau nawa yanzu? Zan ƙara in an matsa.

Af, tun da muna kan maganar: monitar da ya yi nunin da ita ma aro ce, daga wani shagon buga takardu, kuma mai ita ya karɓe abarsa tun ranar. Na san tsofaffin monitoci masu VGA suna nan jibge a sito-sito na ofisoshi da shaguna, ƙura ta rufe su, ɓeraye na haihuwa a bayansu. Wanda yake da guda mai aiki ya yi mini magana ta akwati, ni zan zo da mashin in ɗauka, ko a Ƙofar Marusa kake ko a hanyar Dutsinma. Kebul ɗin mai shuɗin kai ma a haɗo da shi, don yanzu in ka tambaye shi a kasuwa sai yaran shago su tsaya kallonka kamar ka nemi kaset. Sannan wanda ya ari mitar gwajin wutata tun kafin azumi, ka san kanka, ina ganin kana danna mini laik kullum. Mai ruwan ɗorawar nake nufi, ba baƙar ba, baƙar dama ta lalace.