Ɗakin kwana kawai muke nema a Orlando, ba jarrabawa ba

Duk wanda ya tsara yadda ake kama masauki a wuraren shaƙatawar birnin Orlando na ƙasar Amurka, ko dai bai taɓa tuna iyayen da za su kai 'ya'yansu karon farko ba, ko kuma ya tuna da su sarai, ya gane su ne suka fi sauƙin tatsa. Ni dai na fi karkata ga na biyun. Mutum ya daɗe yana tara kuɗi, ya yi wa yara alkawari, sun haddace sunan kowane lilo tun kafin su gan shi da ido, amma da ya zo kan abu mafi sauƙi, wato inda za a kwana, sai ya tarar an shirya masa jarrabawar da ba a taɓa koya masa darasinta ba. Haba jama'a!

Matsalar ta faro ne daga girman wurin, kuma hotunan talla ba sa nuna wannan. Walt Disney World, da aka buɗe a 1971 a jihar Fulorida, ba fili ɗaya ba ne mai ƙofa ɗaya. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100, yana da manyan wuraren wasa huɗu: Magic Kingdom, da Epcot na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. A cikinsa akwai otal sama da ashirin na kamfanin kansa, an kasa su mataki uku, na masu ƙaramin ƙarfi, na tsaka-tsaki, da na masu hannu da shuni. A gefe guda ga Universal, wani kamfanin wuraren wasa na daban, da nata otal-otal ɗin, ga sabon wurinta Epic Universe da aka buɗe a watan Mayun 2025. Sannan ga ɗaruruwan masaukai a waje, jere a titin International Drive da babbar hanyar 192 ta garin Kissimmee, kowanne yana rantsuwa cewa shi ne maƙwabcin ƙofa.

Wannan maganar kusanci ita ta fi ƙona mini rai. Otal zai rubuta da manyan baƙaƙe cewa minti biyar ne tsakaninsa da wurin wasa. Minti biyar zuwa ina? Zuwa iyakar filin, inda aka kafa allon maraba. Daga nan zuwa inda yaro zai ga abin da ya zo gani, tafiya ce sabuwa fil. Ɗauki Magic Kingdom, wanda shi ne burin kusan kowane ƙaramin yaro. Wanda ya zo da motarsa, ko bas ɗin otal na waje ya kawo shi, ba a bakin ƙofa yake sauka ba. Ana ajiye shi a wata tasha can ƙetaren tafki, ya bi layin bincike, sannan ya sake bin layin jirgin ruwa ko jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya, kafin ya iso ƙofar. Bas ɗin otal-otal ɗin kamfanin kuwa har gaban ƙofa yake kai mutanensa. Tsoffin hannu duk sun san haka. Baƙo ba ya sani sai ranar da ya tsinci kansa da keken tura yaro a hannu ɗaya, jaka a ɗayan, rana ta take, ƙaramin yana kuka, babban yana tambayar ko an iso. Don Allah mene ne wahalar rubuta wannan a shafin da ake karɓar kuɗin mutum?

Sai kuma bas ɗin kyautar da masaukan waje suke tinƙaho da shi. Kyauta ce, babu musu. Amma tambayi jadawalinsa ka sha mamaki. A wurare da yawa sawu kaɗan yake yi da safe, kaɗan da dare, wani sai ka yi rajistar kujera tun jiya, kuma yakan zagaya wasu otal-otal yana kwasar mutane kafin ya kama hanya. Tsakiyar rana babu. Duk wanda ya taɓa renon ɗan shekara uku ya san tsakiyar ranar ce ake buƙatarsa. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin Orlando yakan haura digiri 32, ga gumi, ga hadarin da ke haɗuwa kusan kullum da yamma. Yaron da ya tashi tun asuba, zuwa ƙarfe ɗaya ya gama aiki, barci yake nema a ɗaki mai sanyi. In babu bas, sai tasi, zuwa da dawowa, kullum. Kuɗin da ka yi murnar ka rage a farashin ɗaki ya zurare ta nan. Araha dai ba ta ado.

To sai mutum ya ce bari ya daure ya kama a ciki, ya huta. Nan ma sai ya tarar cikin ba ɗaya ba ne. Otal ɗin Contemporary, daga shi ana takawa da ƙafa zuwa Magic Kingdom, jirgin dogo ɗaya ma ta cikinsa yake ratsawa, amma yana sahun masu tsada. Polynesian da Grand Floridian su ma suna kan layin jirgin, su ma tsadar ce. Pop Century da Art of Animation, waɗanda suka fi sauƙi, suna da kwandunan nan masu tafiya a kan waya a sama da aka fara a 2019, sai dai Epcot da Hollywood Studios kawai suke kaiwa, kuma da an ga walƙiya ake tsayar da su. Otal-otal ɗin All-Star, mafi araha, bas ne kawai, kuma da dare bayan wasan wuta, lokacin da dubban mutane suka fito lokaci guda, za ka tsaya a layi da yaro yana barci a kafaɗarka har hannunka ya mutu. Wato kafin ka zaɓi gado sai ka fara sanin wane wurin wasa za ku fi zuwa, a wace rana, da wane irin abin hawa. Ta yaya wanda bai taɓa taka wurin ba zai san wannan? An ce ka zaɓa, amma ilimin da za ka yi zaɓin da shi sai ka je ka dawo kake samunsa, bayan kuɗin ya riga ya tafi.

Abin haushin shi ne, abubuwan da a da suke sa tsadar ciki ta zama mai ma'ana an bi su ɗaya bayan ɗaya an tsince. Akwai motar da ke ɗauko baƙin otal daga filin jirgin sama kyauta, har kayansu. An daina ta a farkon 2022. Akwai FastPass, tsarin tsallake dogon layi da aka ƙirƙiro a 1999 ba tare da ana biyan ko sisi ba. A 2021 aka maye gurbinsa da na kuɗi mai suna Genie+, a 2024 aka sake masa suna da fasali ya koma Lightning Lane Multi Pass. Wanda ya karanta shawarar da aka rubuta shekara uku da suka wuce, tsohon labari ya karanta. Daga cikin abin da ya rage wa baƙon otal na ciki akwai shiga minti talatin kafin sauran jama'a, da damar kama gurbin layi kwana bakwai kafin zuwa, alhali na waje sai saura kwana uku. Ƙarin sa'o'in dare kuwa, lokacin da wuri ya yi sanyi kuma mutane suka ragu, na masu manyan otal ne. A Universal ma salon ɗaya ne da wata riga: otal uku daga cikin masu tsadarta suna haɗa wa baƙo da takardar tsallake layi, sauran kuwa sai ka saya daban. Ma'ana, tsawon lokacin da ɗanka zai tsaya a rana yana jiran lilo na minti biyu ya danganta da irin gadon da ubansa ya iya biya.

Ban ce kar kamfani ya ci riba ba, ai ba gidan marayu suka buɗe ba. Abin da nake cewa shi ne a faɗa wa mutum kuɗin gaba ɗaya tun farko, ya san inda ya dosa.

Farashin da kake gani a shafin farko ba shi za ka biya ba. A yankin Orlando harajin ɗakin otal ya haura kashi 12 cikin ɗari. Masaukan waje da yawa suna ɗora wani kuɗi na dole a kan kowane dare, wai na amfani da wurin ninkaya da intanet da ɗakin motsa jiki, ko ka shiga ko ba ka shiga ba. Wasu suna karɓar kuɗin ajiye mota a harabarsu, sannan ka je wurin wasa ka sake biyan wani a can. Abin ya yi ƙamari har hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fito da doka, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2025, cewa dole masauki ya nuna jimillar farashi tare da kuɗaɗen dole tun a farko. Madalla da wannan. Amma dokar ba ta hana karɓar kuɗin ba, kuma haraji da kuɗin mota da ake kira na zaɓi suna iya jira sai can gaba su fito. Kuma a ce sai da gwamnati ta sa baki kafin mai otal ya yarda ya faɗi farashin ɗakinsa, ai wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da ake yi wa baƙo.

Yanzu zo mu ga iyalin da suka wuce mutum huɗu. A nan ne za ka gane cewa a idon masu tsara ɗakunan nan, iyali uwa ne da uba da yara biyu, shi ke nan. Yawancin ɗakunan masu araha mutum huɗu suke ɗauka, sai jariri ɗan ƙasa da shekara uku a gadonsa. Allah ya ba ka na uku ya girma? Gaba kura baya sayaki: ko ka kama ɗaki biyu, ko ka haura zuwa babban ɗakin iyali mai ɗaukar mutum shida, wanda farashinsa wani mataki ne daban. In ka kama biyun ka roƙi a ba ka masu ƙofa a tsakani, amsar da za ka ji ita ce an rubuta buƙatarka amma ba a yi alkawari ba. Wato ka biya tun watanni, amma ba za ka san ko za ka kwana kusa da 'ya'yanka ba sai ranar da ka iso. Ga tikiti kuma: yaro na cika shekara goma ya zama babba, ya biya kuɗin manya, kuɗin da a ranakun cunkoso na 2025 ya doshi dala 200 a rana ɗaya a Magic Kingdom. Shi kuma ƙaninsa mai shekara huɗu ya biya nasa, amma in bai kai tsawon santimita 112 ba, lilon Space Mountain sai dai ya kalla daga waje. Tun 2018 farashin tikiti yake bin kwanan wata, na ɗaki kuma dama haka yake, kuma ranakun da suka fi tsada su ne na hutun makaranta, wato ranakun da mai yara ba shi da wasu sai su.

Kar a ce mini akwai bayanai a intanet. Akwai, har sun yi yawa. Rabin masu ba da shawarar suna samun kamasho in ka bi ta hannunsu, sauran kuwa mutane ne da suke zuwa duk shekara, suna magana da gajerun sunaye da lambobin gine-gine kamar kowa a can aka haife shi. Wannan ya ce ɗaki ba komai ba ne tunda barci kawai za ka yi, wancan ya ce otal shi ne rabin hutun. Wani ya ce ka tashi da asuba kwana sittin kafin tafiya ka kama teburin cin abinci, in ba haka ba ka rasa. Hutu ne wannan ko aikin ofis? Uwa ta dawo daga aiki a gajiye, ta kwantar da yara, sannan ta zauna da waya tana kwatanta taswirar bas da jadawalin farashi har tsakar dare, duk don kar a cuce ta.

Na kira wani masauki na waje da ya cika shafinsa da hotunan yara suna dariya, na yi wa wadda ta ɗauka tambayoyin da kowane uba zai yi. Ƙarfe nawa bas yake tashi? Ta ce jadawalin yana canzawa, sai na iso zan gani a teburin karɓar baƙi. A ina yake sauke mutane? Ta ce a wurin wasa. Na ce a ƙofa ko a tasha? Ta ce ba su suke da motar ba, wani kamfani ne. Na tambaya ko farashin ya haɗa da komai, ta ce eh, ban da haraji da kuɗin hidima da na mota. Da na kawo maganar guguwa, tunda lokacinta a Fulorida daga farkon Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, na ce in an soke jirginmu fa, sai ta ce farashin da na gani na rangwame ne, ba a mayar da kuɗinsa; wanda ake mayarwa yana nan, amma ya fi tsada. Na ce to nawa ne shi, jimilla, na mutum biyar? Ta ce in ba ta lambar katina tukuna ta riƙe mini ɗakin, domin saura biyu kacal suka rage.