Sarkin shebur da ɗan littafinsa na aljihu

Tun jiya labarin Oakes Ames ya tsaya mini a rai, na kasa barinsa.

Ɗan maƙeri ne daga Easton a jihar Massachusetts ta Amurka, haihuwar 1804. Shi da ƙanensa Oliver suka gaji masana'antar shebur ta mahaifinsu, suka bunƙasa ta har masu haƙar zinariya a Kalifoniya da sojojin Arewa a yaƙin basasar Amurka duk da shebur ɗinsu suke tonon ƙasa. Da arziki ya zauna, sai ya shiga majalisar wakilai a 1863. Aikin layin dogo na Union Pacific ya tsaya cik, ya kama shi da ƙarfinsa da dukiyarsa, har layin ya haɗu da na yamma a Utah a watan Mayun 1869. Wannan kam ba mai ƙwace masa.

Amma fa ya yi ɓarna, ba zan wanke shi ba. Masu Union Pacific sun mallaki wani kamfanin gini, Crédit Mobilier: su ne masu ba da kwangila, su ne masu karɓa, farashi kuwa yadda suka ga dama. Ames ya riƙa bin abokansa na majalisa yana sayar musu da hannun jarin kamfanin da arha, wasu ko sisi ba su fitar ba, ribar ce ta biya musu. Ko wane suna aka sa wa wannan, toshiyar baki ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarshen maganar. Jaridar New York Sun ta fasa ƙwai a 1872, aka kafa kwamiti. Dattijon ya zo da ɗan littafinsa na aljihu, ya buɗe, ga sunaye ga lissafi, har da Mataimakin Shugaban Ƙasa Schuyler Colfax da ɗan majalisa James Garfield. Waɗanda suka ci suka goge baki, wasu suka rantse ba su san zancen ba. A Fabrairun 1873 majalisa ta tsawata wa mutum biyu kacal, Ames da wani ɗan majalisa mai suna James Brooks. To idan bayarwa laifi ce, karɓar fa? Ta yaya waɗanda aka ce an saya za su ɗaga hannu su hukunta mai sayen?

Ames ya koma Easton, ko wata uku bai cika ba ya rasu. Garfield kuwa a 1881 aka rantsar da shi shugaban ƙasa.