Ni da Baƙin Mai a Legas

Wai don Allah wane irin baƙin mai tsohuwar mota take so a garin nan? Bakaniken Agege ya ce, "Alhaji, injin nan ya sha jiki, sai mai kauri, 20W-50." Na zuba. Na Mile 12 ya leƙa ya riƙe baki, wai wa ya cuce ni, ai 5W-30 littafin motar ya ce. Na juye na sake, ta shanye shi kamar kunun zaƙi kafin in kai Oshodi! A kasuwar kayan mota ta Ladipo wani yaro ya miƙo min gwangwani mai yauƙi kamar zuma, ya rantse zai kashe hayaƙi. Wani ya ce a wanke cikin injin da magani, dattin da ya toshe tsofaffin robobi ya fita, yanzu duk inda na faka sai ta ɗiga min sa hannu a ƙasa. Galan ɗin ma, wa ya san na gaske da jabu? Ga ni a gosulo kan gadar Third Mainland, salansa na turnuƙewa kamar tukubar mai tsire, har kwandastan bas ɗin haya ta danfo, danfo fa, yana toshe hanci yana min tsaki!