Don Allah ku daina horar da masu ciwon hanta da yunwa

Ƙanwata ta je ba da jini aka ce tana da ciwon hanta na hepatitis B, tun daga ranar gidan ya juye. Aka ware mata kwanonta da cokalinta, aka hana ta nama da ƙwai da mai, kullum tuwo da miya salam sai rake da ake ta ɗura mata wai maganin shawara. Wata uku na je na tarar zaninta sai ta naɗa sau biyu yake kama ƙugunta, wallahi ban san sanda hawaye ya zubo min ba.

Jama'a cutar nan ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ta jini ce da saduwa da kuma uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Kuma hanta na buƙatar abinci mai gina jiki, wake, kifi, ƙwai, zogale, nama daidai gwargwado. Soye-soye da lemon kwalba ne ya kamata a rage saboda kitse na taruwa a hanta, gishiri kuma likita ne zai ce a rage sosai idan ciki ya fara tara ruwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya kamata a tsorata da shi ba a ma kallonsa. Gyaɗa da masarar da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba suna yin fumfuna, fumfunar nan ke haifar da dafin aflatoksin, kuma idan ya haɗu da hepatitis B haɗarin kansar hanta ninkuwa yake sosai, dahuwa ma ba ta kashe shi. To ƙanwata fa an hana ta nama amma ga ƙulikuli a kwano, wanda ba ka san da wace ɓararriyar gyaɗa aka yi shi ba. Ga kuma jarkar jiƙo da aka sayo a tasha, mai ɗaci kamar maɗaci, babu wanda ya san me ke ciki. Giya kuwa mai cutar nan kada ya sha ko ɗigo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da hepatitis B, da yawansu suna rayuwarsu lafiya lau. Babu abincin da ke fitar da ita daga jiki, gwaji ne ke nuna ko mutum na buƙatar magani irin tenofovir.

Na zubar da jarkar nan a gaban Inna, ta yi fushi da ni kwana biyu. Yanzu tare muke tsince gyaɗa a faifai, duk ƙwayar da ta yanƙwane ko ta canza launi sai bola.