Naira Tana Ramewa, Mu Muna Ƙara Ƙarya

Ranar Asabar da ta wuce na je dinar bikin ƙanin wani abokina. Ina zaune a gefe sai ga wani yaron unguwarmu, wanda na san sana'arsa sayar da caja da murfin waya a bakin titi, ya shiga fili da bandir ɗin sababbin ɗari biyar-biyar yana liƙi kamar an ce gobe za a daina karɓarsu. Shaddar anko ta sha aiki, abokai suna ɗaukarsa a waya. Ranar Litinin da safe na tarar da shi a shagon kayan masarufi yana roƙon a rubuta masa taliya biyu da rabin kwalbar man gyaɗa zuwa ƙarshen wata. Mai shago ya buɗe littafin bashi ya nuna masa shafinsa, ya cika har baya. Wallahi tun ranar abin yake ci mini rai.

Ƙannena, kun san kuwa halin da kuɗin aljihunku yake ciki? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke bayarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Duk abin da mota ke ɗaukowa ko jirgi ke shigowa da shi ya bi sahu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, dubu ɗarin da ka ajiye ƙarƙashin katifa shekara guda kafin nan, abin da za ta saya maka bai wuce na kusan dubu 74 ba. Ba ɓarawo, ba gobara. Kuma ko an ce hauhawar ta sauko, gudun tashin ne ya ragu, farashin galibin kaya yana nan inda ya hau.

To a cikin wannan halin ne mutum zai ɗebi jarinsa ya watsa wa makaɗi a goshi? Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, a lokacin da buhun shinkafa ya fi haka tsada. Amma sai ka ga mai wannan albashin ya ci bashin manhajar waya ya yi anko uku a wata ɗaya: na kamu, na dina, na yini. Wani ya sayar da akuyar uwarsa ya canza waya don kyamarar tsohuwar ba ta fitar da shi fes a TikTok. Wata ta karɓi adashenta ta kai wa mai kwalliya da mai hoto, alhali kuɗin makarantar ƙanwarta na jira. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma waɗanda kake burgewa ba su za su zo ba ranar da masu bashi suka fara tura saƙon tonon silili ga duk lambar da ke wayarka.

Kar ma a zo maganar masu cacar ƙwallo, da masu neman a ninka musu kuɗi a kwana talatin. Harkar damfarar ninka kuɗi ta MMM ta kwashe mutane a 2016, ba mu ji bari ba, wata irinta mai suna CBEX ta sake yi a 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma tushensa ɗaya da na mai liƙi: a gan ni.

Na san gwamnati na da nata laifin, ba na wanke kowa. Amma ba gwamna ne ya sa maka hannu a aljihu a filin rawa ba. Daidai ruwa daidai tsaki. In ɗan rara ya samu, a mayar da shi abin da ba ya narkewa: kayan sana'a, 'yar tunkiya, abincin gida lokacin kaka. Mai gudun kuɗin ruwa ga Sukuk ɗin gwamnatin tarayya nan tun 2017, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci. Ku yi tambaya wajen waɗanda suka sani.

Kakanninmu ba su san wata ƙididdiga ba, amma sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Kakana ba ya taɓa rumbun baya sai damina ta yi nisa, ko da baƙo ya zo daga Makka. Riga ɗaya yake zuwa ɗaurin aure da ita shekara da shekaru, ba wanda ya raina shi, don an san gidansa ba a kwana da yunwa. A da abin kunya ne a ga sunanka a littafin bashi saboda kwalliya. Dattijo ya kira ka zaure ya yi maka faɗa, ka sunkuyar da kai. Yanzu dattijon ma yana cikin fili da nasa bandir ɗin.

Yaron nan dai mai shago ya tausaya ya ba shi taliya ɗaya, ban da mai. Yana fita na ji yana waya yana tambayar nawa ne ankon bikin wata mai zuwa.