Raba ɗakin yara: labule da kanta sun fi bango, a Ingila ko a gida

A gidajenmu na cikin birnin Kano ko Zariya ba a cika raba ɗakin yara ba, yaran ake rabawa. Namiji ya fara tasawa sai a mayar da shi shagon ƙofar gida, mace ta ci gaba da kwana a ɗakin uwarta ko wajen kaka. Nan Ingila babu shago babu zaure, gida mai ɗaki biyu ne a hannun yawancin masu haya, kuma ƙarin ɗaki ɗaya a Landan ko Manchesta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin sha'awa, shekarar da hadisi ya ambata ta raba wa yara shimfiɗa, wato goma, ita ce dokar gidaje ta 1985 ta ɗauka: namiji da mace da suka kai 10 in dole ta sa suna kwana ɗaki ɗaya, ana lissafa gidan cikin masu cunkoso.

Da yawa daga cikinmu tunaninsu na farko shi ne a kira kafinta ya buga katako daga ƙasa har silin. A ganina asarar kuɗi ce a ƙasashen biyu, dalilan ne kawai suka bambanta. A Ingila mai gidan haya zai zaftare kuɗin ajiyarka saboda ramukan da ka huda, sannan ɗakin taga ɗaya gare shi da hita ɗaya, galibi a bango guda. Ɓangaren da aka toshe sai ya yi duhu da sanyi, danshi ya kwanta, kafin hunturu ya fita baƙar fumfuna ta ɓullo a bayan gado. A gida kuwa fanka ɗaya ce a tsakiyar silin, wanda ya faɗa ɓangaren da ba iska zai gane kurensa a watan Afrilu. Duk abin da za a kafa, in ba labule ba, a bar aƙalla santimita 30 zuwa 45 tsakaninsa da silin, kuma ya taso daga bangon taga ya nufi ƙofa, yadda kowa zai samu rabonsa na haske.

Labule ne mafi araha, kuma a nan mutanen gida sun fi Turawa ido. Kuskurenmu ɗaya shi ne igiya da ƙusa biyu: da tsawon ya wuce mita biyu sai tsakiya ta lotsa, yaro ya ja sau ɗaya ƙusa ta fito da filasta. A sayi layin labule na silin, irin Vidga na kamfanin kayan ɗaki IKEA ko makamancinsa. Silin ɗin Ingila allon filasta ne, ba ya riƙe nauyi, dole sukurun ya shiga katakon da ke bayansa, wanda ake jerawa duk santimita 40 ko 60. Haka silin ɗin POP na gida yake, don haka a can gara a ɗaura bututun ƙarfe daga bango zuwa bango, tunda bulo ne. Faɗin yadi ya zama ninki ɗaya da rabi na tsawon layin, wato layin mita 3 yadi mita 4 da rabi, in ba haka ba gefe zai riƙa buɗewa. A ɗage shi santimita biyu daga ƙasa, kuma kada a bar wata igiya tana lilo inda ƙaramin yaro zai sa wuya. Sai dai fa labule ido yake tarewa, ba ya tare kunne.

Kanta mai gida-gida ta fi shi amfani, don tana raba ɗaki tana kuma cin kaya. Kantar IKEA da ake kira Kallax mai gida 16 tsayinta da faɗinta santimita 147 ne, kaurinta 39, kuma ana samun ta hannu da rahusa a Facebook Marketplace. A cike layi biyu na ƙasa da kwanduna, wasu na buɗewa ta nan wasu ta can, na sama a bar su fayau haske ya wuce. Lallai a ɗaure gefe ɗaya da bango da ƙarfe mai kusurwa guda biyu, ko da sai an roƙi izinin mai gida a rubuce. Yara na hawa kanta kamar tsani. A 2016 IKEA ta janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito kan yara sun kashe su. A gida kafinta zai yi maka irinta daidai awon ɗakinka, gatan da ake biya da tsada a nan. Ka dai ce masa kada kaurin ya gaza santimita 35, siririyar kanta ba ta tsayuwa.

Idan ɗakin ya kai mita biyu da rabi a faɗi, akwai dabarar gado mai hawa biyu. A kafa shi a tsakiya, kansa jingine da bango, a toshe hawan sama ta hagu da filawud, hawan ƙasa ta dama, kowa na shiga ta ɓangarensa. Faifan filawud ɗaya mai santimita 122 da 244 ba zai isa gefe biyu ba, a sayi biyu masu kaurin milimita 9, a goge bakinsu da sanfefa. Ɗan ƙasa da shekara 6 ba ya hawa sama, kuma makarin gefe ya ɗara saman katifa da aƙalla santimita 16. Katifa mai kauri ita ke cinye wannan tazarar. A gida sai an auna nisan fanka da kan yaro idan ya zauna a sama, kowane hawa kuma da gidan sauronsa. In silin ɗin gajere ne, a cire fankar sama a sa ta bango guda biyu.